Mutum-mutumin da ke ninke kaya: wa ya riƙe masa hannu ya koya?

Telan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne, shekarata 23 a kan keke, boko kuma ban yi nisa ba, don haka a yi mini uzuri in na kira abu da sunan da ba nasa ba.

Shekaranjiya da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a ƙofar shago muna jiran yaro ya dawo da mai a tayar da janareto, sai ɗan ƙanwata da ya karanta kwamfuta ya miƙo mini wayarsa. Wasu hannaye ne biyu na ƙarfe suna ciro riguna daga kwando, suna shimfiɗawa a tebur suna ninkewa. Ya ce babu mai juya su, koya suka yi. Daga nan ya shiga yi mini wa'azin wani abu wai shi AGI, wato na'urar da za ta iya duk abin da ɗan Adam yake iyawa, ba aiki ɗaya kaɗai ba. Ya rufe da cewa, "Kawu, gara ka fara neman wata sana'ar."

Ni ba tsoro ne ya kama ni ba, mamaki ne. Na kalli bidiyon nan sau uku. Hannun ya ɗauki riga ta kuɓuce, ya sake ɗauka, ya kakkaɓe ta, ya kama wuya a inda ya kamata ya kama kafaɗa. Wallahi kamar ina kallon sabon yaron shago. Ina da wani yanzu haka, watansa takwas a wurina, har yau in ka ba shi yadi mai santsi ya yi kalmasa sai ta tattare. Kuma in ka ce in faɗa masa da baki yadda ake yi, ban iya ba. Iyakacin abin da nake cewa shi ne kar ka ja, kar kuma ka saki. To tsakanin ja da saki ɗin nan aikin yake. Shadda mai ƙarfi da riƙonta, atamfa da nata, leshi mai duwatsu kuwa yatsa ne ke jin dutsen kafin allura ta hau shi ta karye.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ɗan ƙanwar nan tawa dai shi ya sa manhajar ChatGPT ya rubuta mini takardar neman kwangilar ɗinkin yunifom da Turanci, kafin in kurɓi shayi sau biyu an gama, Turancin da ko lauya sai ya jinjina. Ta yaya abin da ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba zai zo kan ninke riga ya koma ɗan koyo? Yaya ma ake koya wa ƙarfe aiki? Wa yake riƙe masa hannu? Kuma maganar ɗan ƙanwar nan tawa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki ko zumuɗin 'yan boko ne?

Ɗan Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Baba Tela. Abin da idonka ya kama a ƙofar shago, masana sun daɗe suna kai ruwa rana a kansa. Tun 1988 wani mai bincike a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Hans Moravec, ya rubuta cewa abu ne mai sauƙi a sa kwamfuta ta yi abin da babba yake yi a jarrabawar auna basira ko wasan dara, amma a ba ta gani da motsi irin na ɗan shekara ɗaya, nan ake yin ta. Dubi yadda ta kasance. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov a darar Turawa. A watan Maris na 2016, a birnin Seoul, manhajar AlphaGo ta ci gwanin wasa Lee Sedol wasa 4 cikin 5 a wata dara da ake kira Go. Amma ka san wa yake ɗora 'ya'yan darar a kan allo? Mutum ne, wani ma'aikacin DeepMind, kamfanin da ya ƙirƙiri AlphaGo, mai suna Aja Huang, yana kallon allon kwamfuta yana ajiyewa inda ta ce. Ta iya tunanin da ya gagari gwanin duniya, ba ta da yatsun ɗaukar ɗan dutse. A 2010 kuma, a jami'ar Berkeley, da aka samu mutum-mutumi ya ninke tawul an yi murna ƙwarai, alhali tawul ɗaya yana cin kusan minti 25.

Hannayen ƙarfen da ke masana'antun motoci tun 1961, lokacin da General Motors ta fara sa wani mai suna Unimate aiki a New Jersey, ba koyo suke yi ba. An rubuta musu motsi ne, suna maimaitawa. Ka gusar da ƙarfen da ɗan yatsa ɗaya, sai su yi wa iska walda.

Koyo na gaske iri biyu ne ya fi yawa yanzu. Na farko gwaji da lada. Ba a gaya wa na'urar yadda za ta yi, maki kawai ake ba ta: in ta ɗauki abu bai faɗi ba ta samu, in ya faɗi ta rasa. A cikinta akwai lambobi miliyoyi da ke yanke shawarar motsi, bayan kowane gwaji sai a ɗan murɗa su zuwa ɓangaren da ya kawo maki. A 2016 Google ta jera hannayen ƙarfe har 14 a ɗaki, suka yi wata biyu suna ɗaukar tarkace daga tire, gwaji sama da 800,000, don su koyi damƙa kawai. Abin da jikanka yake yi da cokali kafin ya yi haƙori.

Da yake ƙarfe yana lalacewa, kuma rana ba ta wuce awa 24, sai aka koma gina duniyar bogi a cikin kwamfuta. A can za ka saki kwafin mutum-mutumi dubu huɗu a lokaci guda, su yi ta faɗuwa suna tashi, babu abin da ya karye. Haka masu bincike a jami'ar ETH ta birnin Zurich suka koya wa ANYmal, wani mai ƙafa huɗu kamar kare, tafiya a kan duwatsu da matakala. A 2019 OpenAI, mai ChatGPT, ta koya wa hannu mai yatsu biyar jujjuya akwatin wasan nan mai launuka shida, Rubik, kuma in aka tara gwajin da ya yi a duniyar bogi ya kai kamar shekara 13,000. Da gangan suka riƙa canza masa nauyin akwatin da santsinsa da girmansa, don kada ya saba da yanayi ɗaya. Duk da haka, in aka hargitsa akwatin iyakar hargitsi, sau 1 cikin 5 yake kammalawa bai yar ba.

Hanyar lada tana da wata cuta da kai ka fi ni saninta. In kana biyan yaro a kan yawan rigar da ya gama, ka san abin da zai faru da cikin aljihu. A 2016 an koya wa wata manhaja wasan tseren kwalekwale ana ba ta maki, sai ta gano wani lungu da maki ke sake fitowa, ta yi ta zagaye a wurin tana karo tana kamawa da wuta, ta ƙi ƙarasa tseren, makinta kuma ya fi na mutane.

Sai kuma matsalarka kai tsaye: yadi. Kwalba ko akwati, in ka san inda yake da inda ya fuskanta ka gama saninsa. Riga kuwa ka jefa ta a tebur sau dubu, siffa dubu za ta yi. Kwaikwayon wannan a kwamfuta yana da wuya ainun, shi ya sa tafiya da tsalle suka yi nisa, ninki da ɗinki suna baya.

Nan hanya ta biyu ta shigo, kuma ita ce amsar tambayarka. E, riƙe masa hannu ake yi, ba da habaici ba. Mutum yana riƙe da wasu hannaye na jagora yana aikin, na ƙarfen suna bin sa, kyamara tana ɗauka, ana adana kowane motsi. Sai na'urar ta koyi cewa in ido ya ga kaza, hannu kaza yake yi. Don horar da wata ƙwaƙwalwar mutum-mutumi mai suna RT-1 ta Google a 2022, sai da aka yi wata 17 da mutum-mutumi 13, aka tara misalai kimanin 130,000. A farkon 2024 ɗaliban jami'ar Stanford suka nuna mutum-mutuminsu Mobile ALOHA yana soya jatan lande da misali 50 kacal na aikin, amma a ɗakin girkin da ya saba, da kaskon da ya saba.

ChatGPT ya tarar da rubutun da mutane suka tara a intanet shekara da shekaru, ya kwasa a ɓagas. Babu intanet ɗin da aka ajiye yadda yatsanka yake danna leshi. Wannan sai an biya mutum ya zauna ya yi, ɗaya bayan ɗaya.

Direban Tirela ya amsa:

Oga Tela ka kwantar da hankalinka ka ci gaba da taka kekenka. A watan Afrilun 2025 an yi tseren kilomita 21 a Beijing, aka sa mutum-mutumi 21 a ciki. Na kalla. Wani tun a wurin tashi ya kife. Wanda ya zo na ɗaya a cikinsu ya yi awa 2 da minti 40, ana canza masa batir a hanya, mutane suna binsa a guje kamar masu rakiyar ango. Ni ma shekara nawa ake ce mini mota za ta tuƙa kanta. Na yarda motar kamfanin Waymo tana ɗaukar fasinja babu direba a Phoenix da San Francisco, amma titunan nan an zana musu taswira har bakin kwata. Su kawo ta Mararraba da yamma, inda hannun mai A Daidaita Sahu shi ne sigina, kallon ido kuma shi ne dokar hanya, sannan mu yi magana.

Uwar Tagwaye ta amsa:

Sannu Baba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba injiniya ba, amma maganarka ta tsakanin ja da saki ta tuna mini wani gwaji da aka koya mana a darasin girman yara, wanda har yau in na tuna sai tausayi ya kama ni.

A 1963 wasu masana biyu a Amurka, Richard Held da Alan Hein, suka raini 'ya'yan kyanwa a cikin duhu. Kullum sai a fito da su bibbiyu na ɗan lokaci a sa su a wani abu kamar lilo mai zagayawa. Ɗaya tana tafiya da ƙafafunta, tafiyarta ce ke juya lilon. Ɗayar tana zaune a ɗan kwando a ɗaya gefen, ana zagayawa da ita. Abin da wannan ta gani shi waccan ta gani, ba ragi ba ƙari. Da aka zo gwada su, mai tafiya da ƙafarta lafiya lau: in an kusanto da ita tebur sai ta miƙa ƙafa, in ta zo bakin wuri mai zurfi sai ta kauce. Ta kwando kuwa idonta garau, amma ba ta san me gani yake nufi ba. Ba ta miƙa ƙafa, ba ta gudun zurfi. Sai da aka sake ta ta yi yawo da kanta a cikin haske sannan ta warware.

Tagwayena suna da wata 14. Hassana ta jefar da cokali daga kan tabarmar cin abinci zuwa siminti ya fi sau ashirin a zama ɗaya, ni ina ɗaukowa ina faɗa, ita kuwa tana sauraren ƙararsa, tana kallon inda ya gangara. Jiya ta gwada da kofin roba, ta ji ƙarar ba iri ɗaya ba ce, ta tsaya tana kallona kamar ni na canza. Babu mai ba ta maki. Kuma abin da ta koya da cokali, shi take ɗauka ta kai kan takalmi da waya da, Allah ya kyauta, kwanon miya.

Sannan akwai fata. A tafin hannu da yatsun mutum akwai jijiyoyin jin taɓi kimanin 17,000. Wani masani a Sweden, Roland Johansson, ya taɓa kashe wa wata mata jin kan yatsunta da allura, ya ce ta ƙyasta ashana. Idonta na gani, hannunta na da ƙarfi, amma ta yi ta lalube, sandar ashanar tana zamewa. Mu a asibiti muna ganin irinsa ga masu ciwon suga da jijiyoyin yatsunsu suka mutu: dattijo da hankalinsa, maɓallin riga ya gagare shi. Yawancin hannayen ƙarfen da nake gani a bidiyo kamar matar nan suke, ido ne da ƙarfi, jin kaɗan ne. Yann LeCun, ɗaya daga cikin manyan fannin koya wa na'ura basira, yakan ce matashi yana koyon tuƙi a cikin awa 20, kuma har yanzu babu na'urar da ta san duniya kamar yadda kyanwar gida ta san ta. Ni dai a ganina abin da ya karanta duk littattafan duniya bai taɓa zubar da miya ba, kyanwar kwando ce.

Mai Ja-in-ja ya amsa:

Anti, Allah ya raya tagwaye, amma ku bar ni in ɓata muku hirar kaɗan, don na ga kowa ya koma gefe ɗaya.

Oga Direba, a 2004 hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta sa gasar motoci marasa direba a hamada. Babu wadda ta gama, wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba. Aka yi ta dariya irin wadda kake yi yanzu. A shekarar da ta biyo baya, 2005, motoci 5 suka kammala hanya mai fiye da kilomita 200. Tawul ɗin minti 25 na 2010 shi ne ya zama bidiyon da Baba ya gani a wayar ɗan ƙanwarsa.

Richard Sutton, wanda shi da Andrew Barto aka ba kyautar Turing, babbar kyautar fannin kwamfuta, a watan Maris na 2025 saboda wannan hanyar ta gwaji da lada, ya yi wani ɗan rubutu a 2019. Abin da ya ce a taƙaice: shekara 70 masana suna ƙoƙarin cusa wa na'ura dabarunsu da hannu, kuma kowane karo hanyar da ta dogara da yawan lissafi da yawan koyo ce ke zuwa ta wuce su. Kuma karatun littafin nan da Anti ta raina ya fara sauka a hannu. A 2023 aka haɗa RT-2, magajin RT-1 na Google, da irin ƙwaƙwalwar da ta karanta rubutu da hotunan intanet. Aka jera masa kayan wasa aka ce ya ɗauko dabbar da ta ƙare a duniya, ya ɗauko dainoso, ba a taɓa nuna masa wannan aikin ba. A shekarar dai ɗakunan bincike da yawa suka zuba bayanan mutum-mutumi iri 22 a rumbu ɗaya. Nan ne bambancinsu da mu. Baba in ya koya wa yaro ɗaya, yaro ɗaya ya koya. Su in ɗaya ya iya, an kwafa wa dubu kafin la'asar.

Ɗan Samaru ya sake amsawa:

Malam Mai Ja-in-ja, duk abin da ka kawo haka yake, ban musa ko ɗaya ba. Inda nake taka burki shi ne wurin sa rana. Waɗanda suka raɗa wa fannin nan suna AI, wato basirar na'ura, su John McCarthy, sun nemi kuɗin taron mutum 10 na wata 2 a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, suna sa ran za a ci ƙarfin matsalar a hutu ɗaya. A 1965 Herbert Simon, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel, ya ce nan da shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum yake iyawa. Ba wawaye ba ne. OpenAI ma da kanta ta rufe sashen mutum-mutuminta a 2021, kuma dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin bayanan horarwa.

Ita kalmar AGI ɗin ma kowa da ma'aunin da yake auna ta. A takardar manufofin OpenAI, na'ura ce mai cin gashin kanta da ta fi mutane a yawancin ayyukan da ake samun kuɗi da su. Wasu kuma sun ce sai ta shiga gidan da ba ta taɓa gani ba, ta nemo butar shayi da kofi ta haɗa. Ɗauko dainoso daga cikin kayan wasa abin yabo ne, amma sanin me za a ɗauka daban, sanin nawa za a matsa daban.

Baba, in an sake miƙo maka irin bidiyon nan, ka duba kusurwa ko an ƙara masa sauri, ka tambayi sau nawa aka ɗauka kafin a samu wannan, ko akwai mutum a bayan labule yana juyawa, da kuma ko a ɗakin da aka horar da shi ne.

Telan Fagge ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na sa an karanta mini wasu wuraren sau biyu. Na kuma koma na duba bidiyon, akwai wata 'yar lamba a ƙasa, ɗan ƙanwar tawa ya ce e, sauri aka ƙara. Bai faɗa mini ba da farko, ɗan banza.

Amma Hajiya Uwar Tagwaye, ke kika hana ni barci. Ina kwance ina lissafin wata takwas ɗin yaron nan. Guga yake yi, ya zura zare, ya ɗinka maɓalli, ya sayo mana ƙosai, sauran lokacin yana tsaye a kaina yana kallo. In na ɗora shi a keke, da na ga yadin mutane zai lalace sai in ce tashi. To yadin mutane ne, wani leshin kuɗinsa ya fi abin da nake samu a mako biyu, ban yi laifi ba. Sai dai a kwando na ajiye shi ina zagayawa da shi, sannan ina jin haushi bai iya miƙa ƙafa ba. Mu a zamaninmu maigidana tsohon buhun gari ya ba ni, na yi ta ɗinkewa ina farkewa har ya zama raga. Na manta da wannan sam.

Yau da safe na jawo tsohuwar Butterfly da ke lungu, na sa mata mai, na zazzage masa buhun ƙyallayen da muke tarawa, har da guntayen masu santsin. Na ce duniyar bogi ce wannan, ka ɓata iya son ranka, ba mai zuwa karɓa. Kafin azahar ya karya allura biyu, kalmasa ta bakwai kuma ta kwanta rabi.

Ɗan Samaru, saura tambaya ɗaya. Mutanen nan da kake cewa ana biya su zauna suna riƙe wa ƙarfe hannu, nawa ake ba su a rana, kuma daga nan ana iya yi? Ɗan ƙanwar tawa da ya ce in nemi wata sana'a, shekararsa biyu da gama bautar ƙasa yana zaune.